Muryar Charlie a bakin Bahaushe: kundin aikin fassara

Asabar, 6 ga Janairu 2024

Yau na sayi littafin rubutu mai jan bango na rubuta sunan aikin a shafin farko. Shekara uku ke nan ina cewa zan mayar da littafin *Flowers for Algernon*, wato furanni don Algernon, zuwa Hausa, sai yau Allah ya nufa na zauna. A nan zan riƙa ajiye bayanin inda na kai. Maganar bugawa ba ta taso ba tukuna, wannan sai da izinin masu haƙƙin littafin. Abin da ke gabana yanzu shi ne in ga ko Hausa za ta ɗauki muryar mutumin nan ba tare da ta mayar da shi abin dariya ba.

Daniel Keyes, haifaffen Brooklyn a birnin New York, ya fara fitar da labarin a matsayin gajeren labari a wata mujalla a 1959, ya ci kyautar Hugo a 1960. Daga baya ya faɗaɗa shi ya zama cikakken littafi a 1966, wanda ya ci kyautar Nebula. Wannan na biyun nake fassarawa. Charlie Gordon ɗan shekara 32 ne, yana shara da aike a gidan burodin Donner, ma'aunin basirarsa 68, inda na yawancin mutane yake kusa da 100. Da dare yana zuwa ajin manya masu wahalar koyo wajen malama Alice Kinnian. Farfesa Nemur da Dokta Strauss suka zaɓe shi don a yi masa tiyatar ƙwaƙwalwa irin wadda aka yi wa wani farin ɓera mai suna Algernon. Basirarsa ta haura har 185, sannan ta fara zubewa. Duk littafin rahotanni 17 ne da Charlie ke rubutawa da hannunsa, daga Maris zuwa Nuwamba, kuma a rubutun nan mai karatu ke ganin hawan da saukar.

Lahadi, 14 ga Janairu

Na gama daftarin rahoto na ɗaya da na biyu, na kuma gane ba su yi ba.

A Turanci abin da kunne ke ji da abin da hannu ke rubutawa sun yi hannun riga, saboda haka da Charlie ya rubuta kalma yadda ya ji ta, kuskuren ya fito fili. Bokon Hausa kuwa kusan yadda muke furtawa haka muke rubutawa. Sai na ce to, bari in cire masa lanƙwasar haruffa, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, in kuma haɗe masa kalmomi: nace, zanje, yanada. Na kai wa wata abokiyar aikina da muke koyar da Hausa tare, ta karanta shafi biyu a ɗakin malamai, ta ɗago ta ce, "Malam, ina kuskuren yake? Ai haka kowa ke rubutu a WhatsApp." Ta yi gaskiya. Likitoci da lauyoyi ma haka suke turo saƙo. In na bar shi haka, mai karatu ba zai taɓa jin cewa wani abu ya canza ba ranar da rubutun ya fara gyaruwa.

Asabar, 27 ga Janairu

Makon jiya wata hanya mai sauƙi ta zo mini, na ƙi ta. Ita ce in sa Charlie ya riƙa kiran namiji da "ta", mace da "ya", irin Hausar wanda bai tashi da harshen ba, ko in ara masa karin harshen wani yanki. 'Yan wasan barkwanci sun daɗe suna haka, suna sa wa wawan wasa bakin ƙauye ko bakin baƙo. In na bi su na zalunci mutane biyu a lokaci guda: na ce karin harshen wasu alamar ƙarancin basira ne, na kuma mayar da Charlie ɗan kama. Charlie ɗan gari ne, harshen uwarsa yake yi, maganarsa daidai take. Alƙalami ne ke ba shi wuya.

Mafita daga gidanmu ta fito. Ina da ƙane, autanmu, shekararsa 29. Bai yi magana ba sai da ya kusa shekara biyar, ya yi firamare bai iya haɗa baƙi ba, daga baya ya yi shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci. Yanzu yana guga da sa maɓalli a shagon ɗinkin kawunmu. Na tambaye shi ko zai ara mini tsofaffin littattafansa na aji. Ya shiga ɗaki ya ɗauko su a cikin leda, ya ninke ta sau biyu, ya ce, "Yaya, kar ka bari ruwa ya taɓa."

Na kwana ina dubawa. Kurakuransa suna da tsari. Ba ya ninka baƙi: hannu ya zama hanu, sannu ta zama sanu. Yana yar da "n" na ƙarshen gaɓa. In kalma ta yi tsawo sai ya ci tsakiyarta, asibiti ya koma asbiti. Ba aya, ba waƙafi, sai "sai" da "kuma" ke jan zancen. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wurin gogewa. Akwai kalmar da ya goge har takardar ta huje, ya koma gefe ya sake rubuta ta. Wannan naci shi ne Charlie. Shi ya sa malama Kinnian ta ba da sunansa tun farko, don a ajin babu mai son koyo kamarsa.

Na fitar da ƙa'idoji bakwai na rubuta a bayan bango. Da su zan sake rahotannin farko.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Ina cikin rahoto na takwas. An yi tiyata, Charlie yana tsere da Algernon a akwatin nan mai lunguna, ɓeran yana kayar da shi, har ranar da ya yi nasara.

Yau kalmomi ne suka tsayar da ni. Littafin cike yake da sunayen da Amurkawa ke kiran irin su Charlie a wancan zamani, wasu ma daga bakin likitoci suka fito kafin su zama zagi. Sai a 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ake kira Dokar Rosa, wadda ta cire tsohuwar kalmar "mental retardation" daga dokokin tarayya da dama. Mu ma muna da namu: wawa, dolo, soko, gaula. Akwai galahanga, da ake jibga wa larurori daban-daban. Akwai kuma masu cewa taɓin hankali, wanda kuskure ne, don wahalar koyo daban, ciwon hauka daban. Na yanke cewa kowane baki da kalmarsa. Ma'aikatan gidan burodi za su ce dolo, ba zan tausasa musu ba. Nemur zai ce "mai ƙarancin fahimta" cikin sanyin murya irin ta ofis. Rose, uwar Charlie, ba za ta furta ko ɗaya ba a farkon rayuwarsa, domin ita ta kafe a kan ɗanta lafiyarsa ƙalau, ƙiwa ce kawai, duka zai gyara shi.

Akwai wata al'ada ta gidan burodin: duk wanda ya yi shirme sai a ce ya yi irin ta Charlie Gordon, a tuntsire da dariya, shi ma Charlie ya taya su don yana ganin Joe Carp da Frank Reilly abokansa ne. Wannan ban sha wuyar fassara shi ba ko kaɗan, kuma rashin wuyar ne ya dame ni. A majalisar bakin layinmu an yi shekaru ana haka da sunan ƙanena. Su aike shi kanti ya sayo abin da babu shi a duniya, ya je ya dawo da gumi ya ce an ce ya ƙare, su kwashe da dariya, wani ya ba shi naira hamsin. In Inna ta hana shi zuwa sai ya ce, "Inna, abokaina ne fa." Na rubuta shafin na ajiye alƙalami, ban ƙara komai ba yau.

Asabar, 2 ga Maris

Mako biyu na bar fassara na koma karatun ɓangaren likitanci, don kada in rubuta abin da ban fahimta ba.

Littafin ya ce larurar Charlie ita ce fenilketonuriya. Cuta ce ta gaske, ta gado. Jikin jariri ya kasa sarrafa wani sinadari da ke cikin abinci mai gina jiki kamar madara da nama da ƙwai, sai ya taru a jini ya lalata ƙwaƙwalwa a hankali. Wani likita ɗan ƙasar Norway, Asbjørn Følling, ya gano ta a 1934. A farkon shekarun 1960 Robert Guthrie a Amurka ya fito da gwajin ɗigon jini daga dunduniyar jariri, kuma in an gano da wuri aka sa yaro a kan abinci na musamman, yakan tashi da basirarsa. Ke nan a lokacin da littafin ya fito, maganin gaske rigakafi ne a makonnin farko na rayuwa. Tiyatar da ke ninka basirar baligi kuwa ƙirƙirar Keyes ce, babu ita a lokacin, babu ita yau. Zan faɗi haka ƙarara a gabatarwa. Na san iyayen da in suka ji ƙishin-ƙishin irin wannan aiki za su sayar da gona su tafi nema.

Na san su ne don a gidansu na tashi. Akwai babin da Rose ke jan Charlie yana yaro zuwa wajen wani Dokta Guarino mai na'urar bogi, tana zuba kuɗin da mijinta Matt ba shi da su. Inna ma ta yi irin wannan yawo da autanta, daga mai rubutu zuwa mai turare zuwa wani da ya ce ɗan ruwa ne aka musanya mata. Awakinta uku suka tafi a haka. Abin da Keyes ya yi da ya burge ni shi ne bai mayar da Guarino dodo ba. Charlie yana tuna cewa macucin nan ya yi masa magana kamar mutum, abin da farfesan gaske ya kasa.

Sai batun yarda. Charlie na son aikin da zuciya ɗaya, amma bai san me ake nufi da haɗari ba, sai aka nemo izini wajen ƙanwarsa Norma, wadda ta yi shekaru ba ta gan shi ba. Mai karatu a Amurka ta 1966 ba tatsuniya yake ji ba. A 1941 an yi wa Rosemary Kennedy, ƙanwar wanda ya zama shugaban ƙasa, tiyatar ƙwaƙwalwa tana da shekara 23 bisa shawarar mahaifinta, ta fito ba ta iya kula da kanta ba har ƙarshen rayuwarta. A makarantar Willowbrook da ke tsibirin Staten a New York, an yi shekaru ana sa wa yara masu irin wannan larura ƙwayar ciwon hanta da gangan don bincike. Sai a 1972 ɗan jarida Geraldo Rivera ya shiga da kyamara duniya ta ga halin da suke ciki, ba a rufe wurin ba sai 1987. Gidan Warren, inda ake ajiye masu irin larurarsa, da Charlie ke tsoro a littafin ƙagagge ne, amma irinsa na nan a lokacin.

Lahadi, 24 ga Maris

Azumi ya rage mini gudu, bayan tarawihi kawai nake samun awa ɗaya. Na wuce wurin da Charlie ya gano waƙafi ya barbaɗa shi ko'ina kamar gishiri, washegari kuma ya haɗa da sauran alamomin. Daga nan na fara janye ƙa'idojin nan bakwai ɗaya bayan ɗaya. Lanƙwasar haruffa ce ta ƙarshe da na mayar masa. Da ya kai ƙololuwa na ba shi Hausar malamai mai kalmomin Larabci, hujja da nazari da mantiƙi, jimloli masu tsawo. Charlie na wannan lokaci ba shi da daɗin zama, yana ƙure farfesoshi a gaban mutane, yana sa Alice jin ita ce daƙiƙiya. Ban rage masa girman kan ba. An kore shi daga gidan burodi bayan ma'aikata sun sa hannu a takarda, in ban da Fanny Birden. Sun jure shi shekara 17 yana ƙasa da su, suka kasa jure shi 'yan makonni yana sama.

Asabar, 20 ga Afrilu

Bayan salla na yi gudu sosai, na gama taron masana na Chicago. Nemur ya tsaya a gaban jama'a yana magana kamar shi ya halicci Charlie, kamar kafin tiyata babu kowa a wurin. Charlie na zaune a kan dandamali kusa da kejin Algernon, su biyu kayan nuni. Ya buɗe kejin, ɗakin ya hargitse, ya sa ɓeran a aljihu ya gudu New York. Maganar da yake ta nanatawa a babin nan ita ce ƙashin bayan littafin: shi mutum ne tun kafin a taɓa kansa da wuƙa.

Sai babin gidan abinci. Wani yaro mai wanke-wanke ya saki faranti suka farfashe, masu cin abinci suna yi masa tsiya, yana murmushi don bai gane ba. Charlie ya tsinci kansa yana dariya tare da su, sannan ya ga idon yaron ya gane kansa, ya miƙe ya daka musu tsawa. Sau huɗu na sake wannan shafi. Ina ɗan shekara 16, abokaina suka sa ƙanena rawa a bakin makaranta suna tafa masa, na tsaya a cikinsu na yi dariya don kada a ce ɗan'uwana ne. Ya hango ni ya ƙara ƙaimi, yana ganin ya faranta mini. Ban daka wa kowa tsawa ba ranar.

Amma a nan ne kuma nake da ja da littafin, kuma gara in rubuta tun yanzu. Keyes ya ce Charlie mutum ne tun asali, sai dai wa ya ba bakin faɗin haka? Charlie mai 185. Sai da ya zama gwani sannan muka saurare shi. Hawayen da mai karatu ke yi a ƙarshe ma, in ya binciki zuciyarsa, rabinsu na gwanin da aka rasa ne, kamar komawa yadda yake a da wata irin mutuwa ce. To ƙanena fa, da bai taɓa hawa ba balle ya sauko? Rayuwarsa ba makoki ba ce. Ya san wace riga ce ta wane a cikin guga talatin ba tare da an rubuta suna ba. Shi ke tashin Inna shan magani. Ba zan canza wa Keyes labari ba, ba hurumin mai fassara ba ne. Shi kansa editoci sun matsa masa ya sauya ƙarshen, Charlie ya riƙe basirarsa ya auri Alice, ya ƙi, kuma ya kyauta da ya ƙi. Abin da ke hannuna shi ne in tabbatar Charlie na shafukan farko ya fito da cikakken mutuncinsa, da wayonsa na lura da mutane da son da yake wa aikinsa, yadda mai karatu zai so shi tun kafin a kai shi ɗakin tiyata. Saboda haka zan sake komawa rahoto na ɗaya zuwa na shida karo na uku.

Lahadi, 12 ga Mayu

Algernon ya fara rikicewa, yana cizo, yana ƙin abinci. Charlie ya shiga ɗakin bincike da kansa ya gano inda lissafin Nemur ya kuskure: basirar da aka ƙara ta wannan hanya tana zubewa da sauri daidai da yawan ƙarin da aka yi. Ya sa wa binciken sunansa da na ɓeran. Mutum ya rubuta hukuncin kansa da hannunsa, ya aika a duba masa ko ya yi kuskure, aka dawo aka ce bai yi ba.

Na fassara zuwansa shagon askin mahaifinsa. Ya zauna a kujera, Matt ya yi masa aski bai gane shi ba, shi kuma ya kasa cewa ni ne, ya biya ya fita. Na karanta wa Inna wannan da na zuwansa wajen Rose, wadda tsufa ya taɓa wa tunani, Norma na jinyarta. Inna tana tsinke zogale a tire, ba ta ɗago ba har na kai inda aka tuna daren da Rose ta ɗauki wuƙa ta ce a fitar mata da yaron daga gida. Na zaci za ta tsine mata. Sai ta ce, "Ba ta samu mai taya ta ba ne. Ni da ba don kakarku ba, ban san me zan zama ba." Na koma na duba yadda na fassara Rose, na ga na ƙara mata zafin da babu shi a asali. Na gyara wurare biyar.

Asabar, 1 ga Yuni

Saura rahoto na 17, mafi wuya. Kurakuran za su dawo, amma ba yadda suka tafi ba, don wanda ya taɓa sani ya manta daban yake da wanda bai taɓa sani ba. Na tsara cewa kalmomin Larabcin nan ne za su fara ɓacewa, sai jimloli su gajarce, sai lanƙwasa, sai ninkin baƙi. Aya za ta daɗe tana riƙe da shi. Zan bar masa kalma ɗaya ko biyu daidai har shafin ƙarshe. Akwai wurin da ya manta ya koma tsohon ajinsa ya zauna a kujerarsa, Alice ta fita da kuka. Ban taɓa shi ba tukuna.

Sunan littafin ma bai zauna ba. Roƙon Charlie na ƙarshe shi ne a sa furanni a kabarin Algernon da ke bayan gida. Mu ba ma kai fure kabari, addu'a muke kaiwa. Abokiyar aikina ta ce in mayar da shi addu'a. Na ƙi, don labarin a New York yake, kuma Bahaushe zai gane mutumin da ke barin amanar kabarin abokinsa ko da wane irin abu ne.

Jiya da yamma na je mayar wa ƙanena littattafansa a shago. Yana guga, ya tambaye ni me na yi da su. Na ba shi labarin a taƙaice, mutum da ɓera da likitoci. Bai tambayi komai game da tiyatar ba. Ya ajiye dutsen guga a kan mazauninsa ya ce, "Yaya, da ya gudu da ɓeran, wa ke ba shi abinci?" Na ce shi Charlie, da wata maƙwabciyarsa mai zane. Ya ce to, ya buɗe ledar ya ƙirga littattafan, huɗu cif, ya ninke ta sau biyu.

Gobe zan fara da shigarwar farkon Oktoba. Ina so in gama daftarin kafin babbar salla, sannan in nemi iyaye biyu ko uku masu irin waɗannan 'ya'ya su karanta rahotannin farko kafin kowa.